Layi Na Goma Sha Ɗaya

A Pueblo, daren Laraba,
da aka kwashe kwanukan wake da koren barkono,
Delfina ta girke kwamfutar makaranta a teburin kicin,
ta ce, "Baba, ɗauko takardun harajin bara waccan."
Na zaro su daga kwalin takalmi,
inda suke kwana da rasidin gyaran mota
da hoton aurenmu da ya soma ja.

Shekara ashirin da biyu ina narka ƙarfe,
wuta ba ta taɓa sa ni ja da baya ba.
Ga shi fom ɗin neman tallafin karatu,
abin da ko nauyi ba shi da shi,
ya jiƙa mini tafin hannu.

Lambar sirri ce ta fara kayar da mu.
Araceli ta rantse sunan karenmu ne da ya mutu,
ni na ce ranar haihuwar Fermin ce.
Sau uku, na'ura ta rufe mana ƙofa,
muka yi jugum kamar masu jiran likita.

Mutum nawa ne a gidanku?
Delfina ta rubuta huɗu.
Daga ƙuryar ɗaki surukata ta yi tari,
tarin da ba na mura ba.
Aka goge, aka sa biyar.
Araceli ta dubi kujerar da ke jikin bango,
wadda ba mai zama a kai tun rasuwar Ramiro.
Fom ba shi da gurbin wanda ya tafi
amma har yau hannu na mantuwa ya auna shinkafa da shi.

Sai aka zo layi na goma sha ɗaya:
abin da ya shigo hannunka a shekara.
Ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Na tura mata takardar, ina kallon firji.
Ta karanta.
Ta sake karantawa, leɓenta na motsi,
na san lissafi take:
takalman gudu, wayar gyaran haƙori,
tafiyar 'yan ajinsu zuwa Denver
da na ce mata ba komai ba ce.
"Baba, da wannan kake...?"
Na ce, "Ke dai rubuta."
Ta rubuta a hankali, lamba bayan lamba,
kamar mai taka ƙwai.

Da aka tambayi ajiya,
sai ga tsohuwa ta fito da silifa a juye,
rungume da gwangwanin kofi.
Ta zazzage: dala dubu da ɗari uku da arba'in,
duk sun yi laushi don ƙirga.
"Ku sa har da wannan.
Ba na son ƙarya a takardar jikata."
Delfina ta yi dariya da hawaye,
ta ce ba a tambayi kuɗin kaka ba.
"To, in gwamnati ba ta so, ke riƙe.
Na binne ni ne,
kuma ba ni da niyyar mutuwa sai kin gama."

Sha ɗaya saura, aka danna aikawa.
Allo ya ce mu saurari amsa.
Ba guɗa, ba tafi,
firji ne kawai ke gurnani.

Fermin, da muka ɗauka ya yi barci,
ya ɗago kai daga kan littafinsa:
"Ku rubuta lambar nan a wani wuri,
saura shekara shida a zo kaina."
Na rubuta a cikin murfin kwalin.

Na ɗauki hular kwano zan tafi aikin dare.
A bakin ƙofa Delfina ta riƙe mini jakar abinci,
ta daɗe ba ta saki ba.